Girka Haskell da Sasanta Rikicin Laburare: Jagora ga Wanda Cabal Ya Gajiyar

Duk mai shirin koyon Haskell yakan ɗaura ɗamara ne saboda wahalar yaren. An riga an tsorata shi da monad, an gaya masa cewa wannan yare ne da aka gina kan fankishin zalla, inda ake ba aiki abu ya mayar da abu ba tare da ya taɓa komai a gefe ba. Sai ga shi tun bai rubuta layi goma ba, wani dogon saƙo da ya fara da `Could not resolve dependencies` ya tare masa hanya, ko kuma editarsa ta cika da jajayen layuka alhali shirin yana aiki lafiya lau a tagar umarni. A nan mutane da yawa suke saduda.

Kusan duk wannan ciwon kai daga wuri ɗaya yake fitowa. A Haskell, sigar kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa shirin da kwamfuta za ta gudanar), wato GHC, ita ce ke yanke hukunci kan sauran abubuwa. Akwai laburaren da ake kira `base`, wanda kowane shiri yake dogara da shi, kuma a manne yake da GHC: ba a sauke sabonsa daban, ba a komawa tsohonsa daban. Ka zaɓi GHC, ka zaɓi `base` ke nan. Kowane laburare kuma yana bayyana sigogin `base` da ya yarda ya zauna da su. Wanda ya gane wannan, ya kuma daina girka laburare a kan kwamfutar gaba ɗaya ya koma rubuta buƙatun kowane aiki a cikin foldar aikin, ya rabu da mafi yawan matsalar.

Abin da ya sa shawarwarin intanet suke karo da juna

Cabal ita ce manhajar da ke sauke laburare ta gina ayyukan Haskell. A da, `cabal install` yana zuba kowane laburare ne a ma'ajiya guda da duk ayyukanka suke rabawa. Girka sabon abu yakan sake gina wani tsoho da wata siga, sai duk abin da ya dogara da tsohon ya karye. Masu Haskell da kansu suka raɗa wa wannan yanayi suna jahannamar Cabal. A 2013 aka kawo keɓaɓɓen akwati ga kowane aiki a cikin cabal 1.18. A 2015 kamfanin FP Complete ya fito da Stack, wata manhajar gini da ake amfani da ita a madadin cabal. A 2016 cabal 1.24 ta kawo sabon salon gini da aka aro daga manhajar sarrafa ƙunsoshi ta Nix, kuma a 2019, da fitowar cabal 3.0, wannan salo ya zama shi ne na asali. Haskell Platform, wanda aka daɗe ana cewa kowa ya fara da shi, an yi masa ritaya a 2022.

Rubuce-rubucen kowane zamani suna nan a intanet ba a goge su ba. Don haka in ka ga darasi yana cewa ka sauke Haskell Platform, ko ka rubuta `cabal sandbox init`, ka duba shekarar da aka wallafa shi ka wuce.

Mataki na farko: share fage

Kafin ka girka komai, bincika ko akwai tsohuwar GHC a kwamfutar:

```
which -a ghc cabal stack
ghc --version
```

Idan amsar ta nuna `/usr/bin/ghc`, daga ma'ajiyar manhajojin Linux ɗinka ta zo, ta hanyar `apt` ko `pacman` ko makamancinsu. Cire ta. Ta Debian da Ubuntu yawanci tana baya da sigogi da dama. Ta Arch kuma an shirya laburarenta ne da salon haɗi na lokacin gudu kaɗai, alhali GHC a bisa al'ada tana neman irin wanda ake dunƙulewa cikin shirin, sai ka riƙa ganin ƙorafin cewa wasu fayiloli sun ɓace. Waɗannan ƙunsoshi an yi su ne domin gina manhajoji irin su pandoc da xmonad ga masu amfani da tsarin, ba domin mai rubuta sabon shiri ba.

Mataki na biyu: kayan C

GHC ba ta iya aiki ita kaɗai. Tana buƙatar kwamfailar C da mai haɗa fayiloli, da laburaren GMP wanda take lissafin manyan lambobi da shi. A Debian ko Ubuntu:

```
sudo apt install build-essential curl pkg-config libffi-dev libgmp-dev libncurses-dev zlib1g-dev
```

A macOS, `xcode-select --install` ya wadatar. A Windows, mai girkawar zai kawo MSYS2 da kansa. Abin lura a can shi ne tsawon adireshin fayil: Windows tana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260, Haskell kuwa tana ƙirƙirar foldoji masu zurfi sosai yayin gini. Ajiye ayyukanka kusa da tushen faifai, kamar `C:\aiki`, kuma ka guji sunan folda mai tazara a tsakiya. In kana da WSL2, ni dai shawarata ka yi aikin a cikinsa ka bi umarnin Linux.

Mataki na uku: GHCup

GHCup shi ne mai girkawar da shafin haskell.org yake ba da shawara a yau. Aikinsa ya sauke GHC da cabal da Stack da HLS (mai taimaka wa edita nuna kurakurai), ya kuma bar ka ka ajiye sigogi da yawa gefe da gefe. A Linux da macOS:

```
curl --proto '=https' --tlsv1.2 -sSf https://get-ghcup.haskell.org | sh
```

Kada ka sa `sudo`. Komai yana shiga `~/.ghcup` ne a cikin foldarka. Idan ya tambaya ko ya ƙara kansa a PATH, amsa masa da e. Idan ya tambaya ko ya girka HLS, nan ma e. Bayan ya gama, rufe tagar umarni ka buɗe sabuwa, ko ka rubuta `source ~/.ghcup/env`. Mafi yawan masu kukan cewa sun girka amma ana ce musu `command not found` wannan ɗan matakin suka tsallake. Sake gwada `which ghc`. Dole amsar ta nuna `~/.ghcup/bin`.

Mataki na huɗu: wace GHC?

Rubuta `ghcup tui`. Za ka ga jerin sigogi, ɗaya an yi mata alamar `latest`, wata `recommended`. Zuciya za ta raya maka ka ɗauki ta ƙarshe. Kada ka biye mata. Idan sabuwar GHC ta fito, tana zuwa da sabon `base`, kuma sai masu kula da dubban laburaren da ke Hackage, babbar ma'ajiyar laburaren Haskell a intanet, sun gwada sun ɗaga iyakokinsu ɗaya bayan ɗaya, abin da yakan ɗauki watanni. Ɗauki `recommended`, ka kuma tabbatar akwai alamar `hls-powered` a gefenta.

Wannan jeri ya cancanci ka kwafe shi ka ajiye kusa, domin da shi za ka riƙa fassara saƙonnin kuskure:

GHC 8.10 tana tafe da base 4.14, 9.0 da 4.15, 9.2 da 4.16, 9.4 da 4.17, 9.6 da 4.18, 9.8 da 4.19, 9.10 da 4.20, 9.12 da 4.21.

Idan aikin wani ka ɗauko, to ba kai ke zaɓa ba. Buɗe fayil ɗin da ya ƙare da `.cabal`, duba layin `tested-with` in akwai, ko iyakar da aka sa wa `base`. In an rubuta `base >=4.14 && <4.17`, aikin yana son GHC daga 8.10 zuwa 9.2. Sai ka yi `ghcup install ghc 9.2.8`. Masu Mac mai guntun Apple su sani cewa sai daga 9.2 GHC ta fara samar da kod na wannan guntu da kanta, sigogin 8.10 na ƙarshe sai da taimakon LLVM.

Mataki na biyar: komai a cikin aiki

```
cabal update
mkdir lissafi && cd lissafi
cabal init
cabal run
```

`cabal update` yana sauke jerin abubuwan da ke Hackage ne kawai, ba ya taɓa abin da ka riga ka gina. `cabal init` zai yi maka tambayoyi ya samar da `lissafi.cabal`.

Yanzu ka rubuta `import Data.Map` a shirinka, sai GHC ta ce modul ɗin yana cikin `hidden package containers`. Wannan saƙo yana rikita sabon shiga, domin laburaren yana kan kwamfutar, tare ma ya zo da GHC. An ɓoye shi ne saboda ba ka ambace shi a buƙatun aikin ba. Maganin layi ɗaya ne:

```
executable lissafi
  main-is:          Main.hs
  hs-source-dirs:   app
  default-language: Haskell2010
  build-depends:
      base       ^>=4.18
    , containers ^>=0.6.7
    , text       ^>=2.0
```

Alamar `^>=` tana bin ƙa'idar lambobin siga ta Haskell, wadda ake kira PVP. A wannan ƙa'ida lambobi biyu na farko tare su ne babbar siga, saɓanin yadda aka saba a wasu yarukan inda ta farko kaɗai ce. Daga 4.18 zuwa 4.19 babban tsalle ne da zai iya karya shiri. Saboda haka `^>=4.18` yana nufin daga 4.18 zuwa ƙasa da 4.19.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Wanda ya saba da `pip install` zai rubuta `cabal install containers`, cabal ta ja masa kunne, sai ya ƙara `--lib` don a yi ta ta ƙare. Wannan yana rubuta sunan laburaren a wani fayil na bai-ɗaya da ke ƙarƙashin `~/.ghc`, a foldar `environments`, mai suna `default`. A ranar komai zai tafi daidai. Bayan makonni, ka ƙara na biyu da na uku, sai su fara saɓani, kuma saƙon kuskuren ba zai nuna maka wancan fayil ba. In ka riga ka faɗa wannan rami, goge fayil ɗin `default` ɗin. Babu abin da za ka rasa. `cabal install` na manhajojin da ake gudanarwa ne, irin su `hlint`.

To in gwaji kawai kake so fa, ba ka son buɗe aiki? Akwai hanya biyu masu tsabta. Ta farko: `cabal repl --build-depends containers`. Ta biyu, ka sa wannan a saman fayil guda ka gudanar da shi da `cabal run Gwaji.hs`:

```
{- cabal:
build-depends: base, containers
-}
```

Abin da cabal ta gina tana ajiye shi a ma'ajiya ɗaya, kowane laburare da tambarin da aka lissafo daga sigarsa da sigogin duk abin da ya dogara da su da zaɓuɓɓukan gininsa. Shi ya sa ayyuka biyu za su yi amfani da sigogi daban na abu ɗaya ba tare da sun taka sawun juna ba, kuma abin da aka gina sau ɗaya ba a sake gina shi.

Mataki na shida: koyon karanta ƙorafin cabal

A nan ya kamata a daɗe, domin wanda ya iya karanta wannan saƙo ya daina lalube cikin duhu. Cabal tana da wani ɓangare mai sasantawa, wanda aikinsa ya zaɓi siga ɗaya tak ga kowane laburare ta yadda duk iyakokin da kowa ya gindaya za su cika. Siga ɗaya tak, ba biyu ba. npm da Cargo suna barin sigogi biyu na abu ɗaya su zauna a shiri guda. Cabal ba ta yin haka, kuma da dalili: a idon GHC, nau'in `Text` na text-1.2 da `Text` na text-2.0 abubuwa ne daban, ba za a miƙa ɗaya inda ake jiran ɗayan ba.

Ga misalin abin da za ka gani, a ce aikinka ya dogara da wani laburare mai suna `tsoho`:

```
Could not resolve dependencies:
[__0] trying: lissafi-0.1.0.0 (user goal)
[__1] trying: tsoho-1.3 (dependency of lissafi)
[__2] next goal: base (dependency of lissafi)
[__2] rejecting: base-4.18.2.1/installed
      (conflict: tsoho => base>=4.12 && <4.17)
[__2] rejecting: base-4.16.4.0, ...
      (constraint from non-reinstallable package
       requires installed instance)
```

Kada ka fara daga ƙasa. Bi shi daga sama kamar labari. Layin farko: ina ƙoƙarin gina aikinka. Na biyu: na ɗauki `tsoho` siga 1.3. Na uku: yanzu zan zaɓi `base`. Na huɗu: wanda ke kan kwamfutar shi ne 4.18.2.1, amma `tsoho` ya ce sai ƙasa da 4.17. Na biyar: akwai 4.16 a Hackage, sai dai `base` ba a sake girka shi, dole a yi da wanda ya zo da kwamfaila. Kalmar da idonka zai nema ita ce `conflict`. Abin da ke hagun kibiya shi ne mai gindaya sharaɗi, na dama shi ne sharaɗin. Tsofaffin sigogin cabal suna rubuta `non-upgradeable` a wannan gurbi, ma'anar ɗaya ce.

Duk lokacin da rikicin ya faɗa kan `base`, ko `template-haskell`, ko `ghc-prim`, ko `ghc` kanta, fassararsa ita ce sigar kwamfailarka ba ta dace da wannan laburare ba.

Nau'i na biyu shi ne wanda laburare biyu suke jan na uku, kowa ta ɓangarensa: `tsoho` yana son `text` ƙasa da 2, `sabo` yana son 2.0 zuwa sama. Gaba kura baya sayaki. A irin wannan saƙon yakan yi tsawo, saboda mai sasantawar ya gwada hanyoyi da dama kafin ya haƙura, kuma abin da ya nuna maka ba lallai ne ya zama asalin matsalar ba. Ƙara `--minimize-conflict-set` a umarnin, zai tace ya bar maka ƴan sunayen da suke rigimar da gaske. Ka kuma saba da `cabal build --dry-run`, wanda yake nuna shirin ginin ba tare da ya gina komai ba, don kada ka jira rabin awa kafin ka san ko gyaranka ya yi.

Mataki na bakwai: magunguna, daga mai sauƙi zuwa mai ɗaci

Fara da `cabal update`. A Hackage, mai laburare ko amintattun masu kula da ma'ajiyar suna iya gyara iyakokin sigar da aka riga aka wallafa ba tare da fitar da sabuwa ba. Mai yiwuwa an gyara matsalarka tun makon jiya, jerin da ke kwamfutarka ne ya tsufa.

Sannan duba iyakokin da kai ka rubuta. Sau da yawa `cabal init` ya sa wa `base` iyaka daidai da GHC ta ranar da aka buɗe aikin, daga baya ka canja kwamfaila ka manta.

In rikicin na `base` ne kuma ba ka da dalilin nacewa kan sabuwar GHC, sauka ƙasa. Ba sai ka canja ta kwamfutar duka ba. Buɗe fayil mai suna `cabal.project` a tushen aikin:

```
packages: .
with-compiler: ghc-9.2.8
```

In kuwa dole sai sabuwar, to akwai `allow-newer`. Iyakar sama da marubuci ya sa hasashe ce kawai ta ranar da ya wallafa: bai gwada da abin da bai fito ba tukuna. Sau da yawa laburaren zai ginu lafiya da sabon `base`. Sai dai ka ambaci wanda kake ɗage wa sharaɗi da sunansa:

```
allow-newer: tsoho:base, tsoho:text
```

Rubuta `allow-newer: all` yana kwance duk iyakokin sama na kowa da kowa. Saƙon cabal zai ɓace, ka ji daɗi na minti goma, sannan ginin ya faɗi a tsakiyar wani laburare da ba ka taɓa jin sunansa ba, da kuskuren da ya fi na farko wuyar fahimta. Tamkar mai cire fis ne ya ɗaura waya a gurbinsa don wuta ta daina yankewa.

Idan an gyara matsalar a ma'ajiyar git ta laburaren amma ba a wallafa a Hackage ba, nuna wa cabal wurin kai tsaye:

```
source-repository-package
  type:     git
  location: https://example.com/tsoho.git
  tag:      cikakkiyar-lambar-commit
```

Sa lambar commit, kada ka sa sunan reshe, domin reshe yana motsi. In kuma babu wanda ya gyara, `cabal get tsoho` zai sauke maka kod ɗin a folda. Ƙara foldar a layin `packages`, ka gyara da hannunka. In gyaran ya yi, aika wa mai laburaren. Yawancinsu masu sa-kai ne, kuma gyaran iyaka na layi ɗaya shi ne abin da suka fi saurin karɓa.

Akwai kuma lokacin da gaskiyar magana ita ce laburaren ya mutu. In shekara biyar ba a taɓa shi ba kuma fankishin biyu kawai kake ara daga cikinsa, nemi wani ko ka rubuta su da kanka.

Idan an sasanta amma ginin ya faɗi

Wannan matsala ce daban, kuma ana yawan haɗa ta da ta sama. Cabal ta sami shirin gini, ta fara, sai GHC ta yi ƙorafi. Dalilai uku ne suka fi yawa.

Na farko, wani laburare bai sa iyakar sama ba, sai aka haɗa shi da sigar da ta canja. Akwai sauye-sauye sanannu da suka karya tsofaffin ayyuka da yawa. A 2021 aeson 2.0 ya daina amfani da `HashMap` wajen wakiltar abubuwan JSON ya koma `KeyMap`, saboda wata kafar tsaro. text 2.0 ya sauya tsarin ajiyarsa na ciki daga UTF-16 zuwa UTF-8. mtl 2.3 kuma ya daina miƙo fankishin irin su `when` da `forM_` ta cikin modul ɗinsa, don haka tsohon kod da ya dogara da hakan sai ya ce bai san su ba. Maganin shi ne ƙara `import Control.Monad`. In ba ka son taɓa kod ɗin, tilasta tsohuwar siga a `cabal.project` da layi kamar `constraints: aeson <2`.

Na biyu, saƙon da ke cewa `Missing (or bad) C library`. Wannan ba na Haskell ba ne sam. Laburaren Haskell ɗin riga ce kawai a kan wani na C, kuma cabal ba ta girka na C. In an ce `z` ya ɓace, `zlib1g-dev` ake nema. In `pq` ne, `libpq-dev` na PostgreSQL. A Debian da Ubuntu wanda ya ƙare da `-dev` za ka girka, a Fedora `-devel`. A Mac mai guntun Apple, Homebrew yana ajiye kayansa a `/opt/homebrew`, inda kwamfailar C ba ta dubawa da kanta, sai ka nuna mata da `extra-lib-dirs` da `extra-include-dirs`. Irin wannan gyara da ya shafi kwamfutarka kaɗai, sa shi a `cabal.project.local`, kada ya shiga git.

Na uku, ginin ya mutu ba bayani, sai `ExitFailure (-9)` ko maganar SIGKILL. Ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ta cika, tsarin ya kashe GHC. Cabal tana gina laburare da yawa lokaci guda, kowanne kuma yana iya cin fiye da gigabait. Gwada `cabal build -j1`, ko ka ƙara wurin musaya a faifai. Wannan ya fi faruwa a ƙananan sabobi da cikin Docker. A cikin Docker ɗin ma akwai wani: kuskuren `invalid byte sequence` da zarar fayil ya ƙunshi harafin da ba na ASCII ba, irin su ƙ da ɗ. Saita `LANG=C.UTF-8` ya wuce.

Mataki na takwas: kulle abin da ya yi aiki

Ranar da aikin ya ginu, ranar za ka kulle shi; tun ran gini tun ran zane. Layi biyu a `cabal.project` suna yin mafi yawan aikin:

```
with-compiler: ghc-9.6.6
index-state:   2024-12-01T00:00:00Z
```

Na biyun yana gaya wa cabal ta ɗauki Hackage kamar yadda yake a wannan rana, ta yi kamar ba ta ga duk abin da aka wallafa ko aka gyara bayanta ba. Sannan `cabal freeze` zai rubuta ainihin sigar kowane laburare a `cabal.project.freeze`. Sa su duka a git in manhaja kake rubutawa. In laburare ne da wasu za su dogara da shi, fayil ɗin kullewar ba ya bin sa zuwa Hackage. Abin da zai kare masu amfani da shi iyakoki ne masu kyau, kuma `cabal gen-bounds` zai ba ka shawarar su. Idan lokacin sabuntawa ya yi, `cabal outdated` zai nuna abin da ya tsufa. Matsar da kwanan watan, goge fayil ɗin kullewar, gina, gwada, sake kullewa. Kada ka haɗa wannan da canjin GHC a zama ɗaya, don in abu ya karye ka san wanda ya karya shi.

Stack fa?

Stack ya bi wata hanya. Maimakon sasantawa, yana dogara da Stackage: jerin dubban laburare, kowanne da siga ɗaya, waɗanda aka gina tare aka tabbatar suna zama lafiya da wata takamaimiyar GHC. Jerin da ake kira LTS 21 na GHC 9.4 ne, LTS 22 na 9.6, LTS 23 na 9.8. Ka rubuta sunan jerin a `stack.yaml`, shi ke nan. Muddin duk abin da kake so yana ciki, ba za ka taɓa ganin ƙorafin sasantawa ba. Da zarar ka buƙaci wani abu na waje, sai ka sa shi a `extra-deps` tare da duk abin da ya dogara da su wanda shi ma ba ya ciki, kai ka zama mai sasantawar da hannu.

A ganina gardamar wanne ya fi ta riga ta tsufa. In aikin da ka tarar yana da `stack.yaml`, yi amfani da Stack, in `cabal.project` ne, cabal. Ga sabon aiki ina zaɓar cabal, musamman tunda daga siga 3.8 ana iya jawo jerin Stackage cikin `cabal.project` da layin `import` mai nuni ga fayil ɗin `cabal.config` na jerin. Abu biyu dai mai Stack zai kiyaye. In akwai `package.yaml`, shi ake gyarawa, domin daga gare shi ake sake samar da fayil ɗin `.cabal`. Kuma Stack yana sauke tasa GHC daban. Lokacin girkawa GHCup yana tambaya ko ya haɗa su, amsa da e don kada ka tara kwafi biyu na abu ɗaya.

Edita mai jajayen layuka

HLS, wanda yake ba editarka damar nuna kurakurai da nau'o'i, ana gina shi ne daban ga kowace sigar GHC, har lamba ta uku. Wanda aka gina wa 9.6.6 ba zai yi aiki da 9.6.5 ba. Duba `ls ~/.ghcup/bin`, za ka ga fayiloli masu suna `haskell-language-server-` da lambar siga a ƙarshe. In babu ta aikinka a ciki, ka gano matsalar. Ko ka matsa zuwa GHC da ke cikin jerin, ko ka girka sigar HLS da ta san taka, ko ka gina shi da `ghcup compile hls`, wanda yake ɗaukar lokaci mai tsawo. Ka riƙa buɗe foldar aikin gaba ɗaya a edita, ba fayil guda ba, kuma ka tabbatar `cabal build` ya yi nasara a tagar umarni tukuna. In aikin yana da fayilolin Stack da na cabal duka, HLS yana iya ɗaukar wanda ba shi kake amfani da shi ba. Ɗan fayil mai suna `hie.yaml` mai layi biyu, `cradle:` sannan `cabal:` a ƙarƙashinsa da tazara, yana raba gardamar.

Faifai, da abin da ake gogewa

Kowace GHC tana cin kusan gigabait biyu, ma'ajiyar cabal kuma ba ta share kanta. `ghcup rm ghc 9.2.8` yana cire wadda ka daina amfani da ita, sannan ka goge foldar da ke ɗauke da lambarta a ma'ajiyar, wadda take `~/.cabal/store`, ko `~/.local/state/cabal/store` a sabon girki daga cabal 3.10.

In abu ya rikice kana son farawa daga tushe, bi a hankali. Fara da goge `dist-newstyle` na aikin, wanda `cabal clean` yake yi. In bai yi ba, duba fayil ɗin `default` da aka ambata a baya, da duk wani fayil da ya fara da `.ghc.environment` a foldar aikin. Ma'ajiyar ita ce ta ƙarshe, domin goge ta yana nufin sake gina komai na duk ayyukanka, kuma in matsalar ta iyakokin siga ce, saƙon da ka gudu daga gare shi zai dawo harafi da harafi, tunda cabal tana yin sasantawar ne kafin ta gina ko da fayil ɗaya.